Tsakanin Dutse Da Teku: Yini Guda A Gaɓar Cape Town

 Makonni biyu ke nan ba ku ji ni ba, kuma na ga saƙonnin masu cigiya, na gode. Tafiya ce ta kama ni zuwa Afirka ta Kudu, inda ƙanena ya kammala karatunsa a birnin Cape Town. Muka ɗunguma mu biyar: ni da maigida, da Ummanmu, da yarana biyu, mace mai shekara bakwai da namiji mai shekara huɗu. Yau zan ajiye maganar kanti da kwalaye a gefe, in ba ku labarin yini guda da muka yi a mota a gefen teku. Amma kun san hali, duk inda na je sai maganar magani ta biyo ni, kuma a wannan karon ni ce na yi kuskuren da kullum nake gargaɗinku a kansa.

Mai karatu, idan tekun da ka sani shi ne na Legas, to ka san gaɓa shimfiɗaɗɗiya: yashi, itatuwan kwakwa, ƙasa tana gangarawa a hankali har ta shiga ruwa. Gaɓar Cape Town ba haka take ba. Daga kudancin birnin, ƙasa ta miƙe cikin Tekun Atlantika kamar ɗan yatsa, tsawon fiye da kilomita 50, kuma duwatsu ne ƙashin bayanta. A wurare da yawa babu yashi ko kaɗan tsakanin dutse da ruwa. Dutsen yana tsaye, tekun yana dukan gindinsa, mutane kuma suka sassaƙe hanya a jikinsa. Wannan hanya muka bi, daga birni zuwa ƙarshen ɗan yatsan, sannan muka dawo ta ɗaya gefen.

Takardata mai wurare goma sha ɗaya

Tun da dare na zauna na rubuta jerin wuraren da za mu gani, guda goma sha ɗaya, kowanne da lokacinsa. Kuɗin jirgi da na biza ba kaɗan ba ne, kuma yini ɗaya tak muka ware wa yawon, don haka na ƙudura sai mun ci kuɗinmu. Ƙanena ya duba takardar ya yi dariya, ya ce, "Yaya, wannan ai aikin kwana uku ne." Na ce masa ya dai tuƙa.

Shi ya tuƙa ɗin, domin a can ta hannun hagu ake bi, sitiyari kuma yana dama. Maigida ya shekara ashirin yana tuƙi, amma ya ce ba a kan irin wannan hanya zai koyi sabon hannu ba, kuma ya yi gaskiya. Duk wanda zai je, in ba ya saba ba, ya nemi direba ko ya shiga motar yawon buɗe ido. Mun yi hayar mota mai kujeru bakwai. Umma a gaba saboda gwiwa, ni da maigida da ƙaramin a tsakiya, 'yata kuma ta zaɓi can baya ita kaɗai. Ku riƙe wannan zaman, za mu dawo kansa.

Ƙarshen watan Disamba ne, tsakiyar lokacin zafinsu ke nan, daidai lokacin da hunturu ke busa mu a gida. Rana ba ta faɗuwa sai wajen takwas na dare. Mun fito ƙarfe takwas na safe bayan karin kumallo mai nauyi, ƙwai da soyayyen dankali da shayi mai madara, muka hau titin Victoria wanda ya bi gefen ruwa ta Clifton da Camps Bay. Dama da mu teku, hagu da mu jerin tsaunukan da suke kira Twelve Apostles, waɗanda bayan Dutsen Tebur ne, dutsen nan mai shimfiɗaɗɗen kai da tsayinsa ya haura mita 1,000. Gajimare ya kwanta a kansu kamar an yafa musu mayafi.

A Camps Bay yara suka matsa sai sun taɓa ruwa. Na ba su minti goma. Ƙaramin ya ruga da gudu, igiyar ruwa ta taɓa ƙafarsa, ya dawo da gudun da ya fi na zuwa yana ihu. Ruwan kamar daga firij aka ɗebo shi. Dalili shi ne, a wannan gefen akwai wani kwararon ruwa mai sanyi da ake kira Benguela, kuma iskar da ke busawa daga kudu maso gabas a lokacin zafi tana kore ruwan sama, na ƙasa mai tsananin sanyi ya taso. Shi ya sa ruwan kan fi sanyi a lokacin da gari ya fi zafi. Iskar nan suna ce mata Likitan Cape, wai don tana share ƙazantar iskar birni. Likita ce marar tausayi, ta kusa raba ni da gyalena sau biyu, har sai da na canza zuwa hijabi.

Gaba kaɗan, a wani wuri da ake kira Oudekraal, ƙanena ya nuna mana matakala da ta haura cikin itatuwa. Ya ce a can sama akwai kabarin wani malami, Shaikh Nurul Mubin, ɗaya daga cikin Musulmin da Turawan Holan suka koro daga tsibiran Indonesiya zuwa nan shekaru ɗari uku da suka wuce. Jikokin irin waɗannan mutane da na bayin da aka kawo su ne tushen Musulmin Cape Town, masu masallacin Auwal da aka kafa a 1794 a unguwar Bo-Kaap. Umma ta so a tsaya ta ƙara jin labarin. Na duba takardata na ce mun makara. Har yanzu abin yana damuna.

Kwana 114

Bayan garin masunta na Hout Bay, inda ƙamshin soyayyen kifi ya cika tashar jiragen ruwa, sai muka iso ƙofar biyan kuɗin hanya. Daga nan hanyar Chapman's Peak ta fara. Tsawonta kilomita 9 ne kacal, amma kwana 114 gare ta, ba kwanan barci ba, kwanar hanya. Ka lissafa da kanka: kusan duk mita 80 sai direba ya murɗa sitiyari.

An fara sassaƙa ta a 1915, da ƙarfin fursunoni, aka buɗe ta a 1922. Idan ka lura da jikin dutsen za ka ga launi biyu. Na ƙasa dutse ne mai tauri, irin wanda muke gani a Zuma ko Dutsen Kufena, na sama kuma shimfiɗa-shimfiɗa ne ja-ja da ruwan ɗorawa, mai sauƙin farfasawa. Masu aikin sun bi layin da biyun suka haɗu, suka yanke mai taushin, suka ɗora hanya a kan mai taurin. Sai dai abin da ya sauƙaƙa aikin shi ne kuma haɗarinsa, domin dutsen sama yana ɓallowa. A watan Janairun 2000 faɗowar dutse ta kashe wata mata a cikin mota, aka rufe hanyar, ba a sake buɗe ta ba sai Disambar 2003, bayan an kafa ragar ƙarfe mai tare duwatsu, aka kuma yi rufin kankare a wuraren da suka fi haɗari. Har yau idan iska ko ruwan sama ya yi yawa rufe ta ake yi, don haka a bincika kafin a fito.

Yadda take kuwa, mai karatu, gani ya kori ji. Hagu da kai bangon dutse ya tafi sama har sai ka leƙa ta taga kafin ka ga ƙarshensa. Dama da kai ɗan gajeren bango ne wanda bai wuce ƙugu ba, bayansa kuma babu komai sai iska, sannan can ƙasa, nisan da mutum zai koma kamar ƙuda, ruwa shuɗi yana farfashewa fari fat a kan duwatsu. Umma ta yi shiru, sai laɓɓanta ke motsi. Ni kuwa ina riƙe da waya ina ɗaukar bidiyo ta gilashi, ina cewa ƙanena ya ɗan ƙara wuta, akwai layi a gaba.

Sai na ji ƙaramar murya daga baya: "Mami, kaina yana juyawa."

Na waiga. Fuskarta ta yi fari-fari, gumi ya tsattsafo a goshinta, tana ta hamma, wayar babanta tana hannunta, wadda ni da kaina na miƙa mata tun Hout Bay don ta bar ni in yi lissafin lokaci. Na lalubi jaka na ɓallo ƙwayar maganin jiri na ba ta da ruwa. Ba a yi minti uku ba, ƙwayar da ruwan da ƙwai da dankalin duk suka dawo, a kan kujera da rigarta da takalman babanta.

Allah Ya taimake mu akwai wurin tsayawa a gaba kaɗan, irin waɗanda aka keɓe don masu kallo. Ƙanena ya faka. Maigida ya kalle ni, bai ce komai ba, amma na san abin da ke ransa: shekara goma ina sayar wa mutane wannan magani ina yi musu bayani.

Kuskure huɗu na yi

Bari in tsaya a nan kamar yadda motar ta tsaya, domin abin da ya samu 'yata yana samun yara da yawa a hanyar Lokoja ko hawan Jos, ba sai an je Cape Town ba.

A can cikin kunne akwai wani sashe mai ruwa a ciki, aikinsa gaya wa ƙwaƙwalwa ko jiki yana motsi, da kuma ta ina. Ido ma yana ba da nasa rahoton. Idan yaro ya sunkuyar da kai kan waya, ido yana cewa a zaune muke wuri ɗaya, kunne kuma yana cewa ana ta jujjuya mu hagu da dama. Wannan saɓani ne ke jawo jiri da tashin zuciya da amai. Ya fi kama yara daga shekara biyu zuwa goma sha biyu, da mata masu juna biyu, da masu fama da ciwon ɓarin kai. Direba bai cika yi ba, saboda idonsa na kan hanya, jikinsa ya san kwanar kafin a shige ta.

Kuskurena na farko shi ne wurin zama: kujerar can baya ta fi kowacce jijjiga, kuma ba a ganin hanya daga can. Yaron da ke yin jiri a ajiye shi a kujerar tsakiya, a tsakiyarta, da bel ɗinsa, inda zai riƙa hango gaba. Na biyu, wayar. Na uku, abinci mai maiƙo kafin hanya mai kwana. Abu mara nauyi ya fi, amma kada a fita da yunwa. Na huɗu, wanda ya fi ba ni kunya, lokacin maganin. Magungunan jirin tafiya rigakafi ne, kafin a shiga mota ake shan su. Da zarar zuciya ta fara tashi, ciki yakan rage aikinsa, ƙwayar ta zauna ba ta wuce ba, ko ta dawo kamar yadda tamu ta yi. Cinnarizine ana shan sa kamar awa biyu kafin tafiya, hyoscine kamar rabin awa, promethazine kuma tun daren jiya ko awa ɗaya zuwa biyu kafin a tashi.

Sai dai a kula. Dukkansu suna sa barci, don haka direba ba ya shan ko ɗaya. Ba a ba wa yaron da bai kai shekara biyu ba promethazine, cinnarizine kuma daga shekara biyar ne. Mai hawan jinin ido, da dattijon da fitsari ke yi wa wuyar fita, su guji hyoscine. Mai juna biyu ta tambayi likita tukuna. Kuma don Allah kada a ɗura wa yaro irin waɗannan magunguna don kawai ya yi barci a huta da rigimarsa. Awon ya danganta da shekaru, a tambayi mai harhaɗa magani kafin a saya. Citta tana taimaka wa wasu, iska mai daɗi ta taga tana taimaka wa kowa. Idan kuwa abin ya riga ya fara, maganin da ya rage shi ne a tsaya.

Minti arba'in a kan benci

Muka tsaya ɗin. Na wanke ta da ruwan gora, na canza mata riga, na zaunar da ita a kan benci ta fuskanci teku, na ce ta kafa ido can inda ruwa ya haɗu da sama. Maigida da ƙanena suka shiga goge kujera. Ni kuma na zauna kusa da ita, wayata a jaka, takardata ban ma san inda ta faɗa ba.

A nan ne na fara ganin wurin. Daga inda muke ana hango Hout Bay gaba ɗaya kamar ruwa a cikin ƙwarya, da wani tsauni da ya sunkuyo kan teku a bakinta, wanda suke kira Sentinel, wato mai gadi. Na ga ruwan ba launi ɗaya ba ne: kusa da dutse kore ne, gaba kaɗan shuɗi, can nesa kamar baƙi. Na ga wani ciyayin teku mai kauri kamar igiyar rijiya yana lilo a ƙarƙashin ruwa. Na ji ƙarar igiyar tana iso mu a makare, sai ka ga ta fashe sannan ka ji ta. Iska ta kawo wani ƙamshi daga ƙananan itatuwan da ke jikin dutse, tsakanin na'ana'a da kanumfari. Irin wannan ciyayi suna kiran sa fynbos, kuma yankin Cape yana da nau'in tsirrai kusan 9,000, mafi yawansu babu su a ko'ina a duniya sai nan. Ganyen shayin rooibos da wasunku ke sha daga cikin danginsu yake. Na karanta sunayen wasu a makaranta, ban taɓa tunanin zan shaƙi ƙamshinsu a inda suke tsirowa ba.

Umma ta tako a hankali ta zauna a ɗaya gefen jikarta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ke 'yar nan, tun safe kike kora mu kamar awaki. Ni shekarata sittin da biyar, ban san ko zan sake ganin irin wannan ba. Da yarinyar nan ba ta yi amai ba, da ta gilashi zan gan shi."

Ban da amsa. Mu dai yawancinmu tafiya muka sani ta isa: a tashi da asuba, a taka mota, a yi alfahari da cewa awa kaza aka yi daga Legas zuwa Kano. Tsayawa asara ce, sai don mai ko salla. To, irin wannan hanya ba ta kai ka ko'ina da ba za ka iya zuwa ta wata hanyar da ta fi sauri ba. Kallon ne dalilin yin ta, wuraren tsayawar kuma su ne abin da ka biya wa kuɗi. Na tsinci takardata a ƙarƙashin kujera, na soke wurare bakwai, na bar huɗu.

Ƙarshen ƙasa

Da muka sauko, sai ga farin yashin Noordhoek ya miƙe kilomita da yawa, mutane suna sukuwa da dawakai a bakin ruwa. 'Yata ta dawo tsakiya, taga a buɗe, muna wasan wa zai fara hango abu ja. Muka bi ta Kommetjie da Scarborough har ƙofar gandun dajin Cape of Good Hope, inda muka tarar da layin motoci, kasancewar lokacin hutu ne. A cikin gandun babu dogayen itatuwa, iska ba ta barin su, sai gajerun ciyayi da duwatsu. Mun ga jimina uku suna kiwo a bakin teku, abin da ya ba Umma dariya, ta ce ita a sanin ta jimina ta daji ce.

Wannan wurin ne matuƙin jirgin ruwan Fotugal, Bartolomeu Dias, ya kewaya a 1488, lokacin da Turawa ke neman hanyar ruwa zuwa Indiya. An ce shi Tsaunin Guguwa ya sa masa suna, sarkinsu ya canza zuwa Tsaunin Kyakkyawan Fata. Akwai allo na katako da kowa ke layin ɗaukar hoto a jikinsa. Mutane da yawa suna komawa gida su ce sun je ƙarshen Afirka ta kudu, inda tekuna biyu suka haɗu. Ba haka ba ne. Allon da kansa cewa ya yi nan ne ƙarshen nahiyar ta kudu maso yamma. Ainihin ƙarshen kudu, kuma inda aka shata iyakar Atlantika da Tekun Indiya, shi ne Cape Agulhas, kimanin kilomita 150 daga nan.

A Cape Point, kusa da nan, akwai tsohuwar hasumiyar fitila a kan ƙololuwar dutse, sama da mita 200 daga ruwa. Masu ƙarfi suna hawa da ƙafa, mu kuma saboda gwiwar Umma muka shiga wani ɗan ƙaramin jirgi da waya ke ja zuwa sama. Labarin hasumiyar ya tsaya mini a rai. An gina ta a 1859, aka zaɓi wuri mafi tsayi don a hango ta daga nesa. Ashe tsayin ne matsalar: hazo da gajimare sukan lulluɓe ta daidai lokacin da jirage suka fi buƙatar haskenta. A 1911 wani jirgin Fotugal mai suna Lusitania ya daki dutse a ƙarƙashin ruwa a kudu da wurin ya nutse, duk da an ceci mafi yawan mutanen ciki. Bayan haka aka gina sabuwa can ƙasa, mita 87 daga ruwa, wadda ta fara aiki a 1919, kuma ita ke haskawa har yau.

A can sama iska tana ture babba, balle yaro. Na riƙe hannun ƙaramin har sai da ya ce ina ji masa ciwo. Na ga wani saurayi ya haye bango ya juya wa ramin baya don hoto, cikina ya ɗuri ruwa. Iyaye, a irin wannan wuri mutum ɗaya ya ɗauki hoto, ɗaya ya riƙe yara, kada duka biyun su shagala.

Da muka dawo wurin ajiye motoci aka yi wanda ba ya cikin takarda. Maigida ya buɗe ƙofa yana neman ruwa, sai wani ƙaton gwaggon biri ya diro daga kan bango, ya zura hannu ya sure leda, ya koma gefe ya zauna yana kwancewa kamar shi ya saya. Biredi ne da dabino a ciki. Birran wurin sun iya buɗe ƙofar mota, suna da haƙora masu tsawo, kuma laifi ne a ba su abinci, akwai tara. Ba a kokawa da su, abin da suka ɗauka an bar musu ke nan.

Yara suna dariya, ni hankalina ya tashi, domin ledar guzurin Umma ce. Tana da ciwon suga, kuma maganinta irin wanda ke iya saukar da suga fiye da kima ne idan aka jinkirta cin abinci, dangin glibenclamide. Ƙarfe biyu ta wuce, ba ta ci komai ba tun safe, ta fara cewa hannunta na rawa. Sa'a biyu muka ci: magungunanta suna jakar hannuna, ba a ledar ba, kuma akwai alewa a aljihun jakar. Na ba ta, muka nemi abinci nan take. Mai tafiya da mai ciwon suga, agogon cin abincinsa ne ke tsara yini, wuraren kallo su biyo baya. A raba guzuri gida biyu, magani kuma ya zauna a jikin mutum cikin kwalinsa, kada a bar shi a motar da ke rana.

Ɗaya gefen

Dawowa muka bi ta gabas, gefen False Bay, inda ruwa ya fi ɗumi kuma ya fi kwanciya. Kusa da garin Simon's Town akwai Boulders, wurin da manyan duwatsu masu santsi suka kewaye farin yashi, kuma nan tsuntsayen penguin na Afirka suke. Tsayinsu bai fi gwiwar babba da kaɗan ba, baƙi da fari, suna tafiya suna rangaji kamar yaro mai koyon tafiya, kukansu kuwa sak na jaki. A 1982 ma'aurata biyu kacal suka fara zama a wurin, suka hayayyafa. Amma jinsin gaba ɗaya yana ƙarewa, musamman saboda ƙarancin ƙananan kifayen da suke ci, har a 2024 aka sanya su cikin halittun da ke dab da ɓacewa. Ana kallon su daga kan gadar katako, ba a taɓa su, suna cizo. Mun yi awa guda a nan, babu wanda ya duba agogo. 'Yata ta manta ta taɓa yin amai.

A cikin garin muka sami masallaci muka yi salla. Tsohon masallaci ne, amma Musulmin da ke kewaye da shi kaɗan ne, kuma akwai dalili. A 1967 gwamnatin wariyar launin fata ta ayyana garin a matsayin na farar fata kaɗai, aka kwashe iyalan da suka yi zuriya bayan zuriya a nan, aka kai da yawansu wata sabuwar unguwa mai suna Ocean View, nesa da tashar da suke kamun kifi. Kyan gaɓar nan yana da irin wannan tarihi a ƙarƙashinsa, kuma wanda ya wuce da gudu ba zai ji shi ba.

Muka ci kifi da dankali a Kalk Bay, 'yata dai shayi da busasshen biredi, muka wuce ɗakunan katako masu launi-launi na Muizenberg ba mu tsaya ba, muka shiga birni rana tana shirin faɗuwa. Abincin halal ba ya wuya a Cape Town, amma a tambaya. Wanda zai je daga Najeriya kada ya manta da katin rigakafin shawara, ana nema a filin jirgi. Ranar can tana ƙona fata ko da kana jin sanyin iska, mu baƙaƙe ma ba mu tsira ba, hancin maigida sai da ya saɓule. A tafi da hula da man kariya daga rana, da rigar sanyi ko da lokacin zafi ne.

Na san ba kowa ne zai je Cape Town ba, ni ma ba don karatun ƙanena ba da ban je ba. Amma kowannenmu yana da wata tafiya a gaba, ta Salla ko ta biki ko ta hutun makaranta, da yara a baya da tsoho a gaba. A ba da maganin kafin a tashi, a karɓe wayar, a san lokacin abincin mai ciwo, a kuma sa tsayawa cikin lissafin hanya tun daga gida. Sannu ba ta hana zuwa. Daga wurare goma sha ɗaya mun ga huɗu, kuma da aka tambayi Umma a gida wanne ya fi burge ta, ba ta ambaci ko ɗaya daga cikinsu ba. Benci ta ce, inda jikarta ta yi amai.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, inda za mu koma kan tambayoyinku da suka taru. Allah Ya tsare mana hanyoyinmu, Ya ƙara mana lafiya.